Neman soket mai araha don makunnan Hilux

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Makunnai huɗu sun zauna a dashbod, a guraben nan da kamfani ya toshe da baƙar roba kusa da sitiyari. Akwatin rile da fiyus shi ma an ɗaure shi a ƙarƙashin bonet, gefen batir. Kowane makunni rile ɗinsa kawai yake tayarwa (wato ɗan abin da ƙaramar wuta take sa shi ya haɗa babba) ta ƙafa ta 86, babbar wutar kuma ta shiga ta 30 ta fita ta 87, don haka babu wata wuta mai nauyi da za ta ratsa cikin mota. Abin da ya rage shi ne a kai wutar ga kayan: doguwar fitilar gaba, fitilun aiki guda biyu na bodi, famfon iskar taya, da ƙaramin famfon feshi da nake aiki da shi a gona a Kadawa.

Motar Hilux ce ta 2017 mai injin fetur 2.7. Masu manyan akori-kura na Amurka sun huta da rabin wannan aikin, domin Ford F-250 daga 2017 tana iya zuwa da makunnai shida a saman gilashi, da rile da fiyus ɗinsu, an datse wayoyin an rufe bakinsu a ƙarƙashin bonet. Amma ko su, daga bakin wayar nan zuwa fitila kowa shi yake neman soket ɗinsa.

Mai yi min wayarin mota, dattijo ne a Kwakwaci cikin Kano, ya so ya murɗe waya da waya ya naɗe da baƙin salatif, a tashi. Na ce, "Baba, ba zai yiwu ba." Fitilun bodi a kan ƙarfe suke, kuma ƙarfen nakan sauke shi duk ranar da za a loda buhunan shinkafa ko kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan. Famfon feshi ma ba kullum yake kan mota ba. Ina son abin da zan zare da hannu in mayar da hannu, wanda ƙura ba ta shiga, ruwan wankin mota ma ba ya shiga. Ya ce, "To Alhaji, sai ka nemo, ni dai ɗaurawa ce tawa."

Mun ƙirga: mace da namiji, saiti shida nake buƙata, har da na ajiya. Na famfon iska daban ne, saboda wutar da yake ja ta fi ta sauran.

Talata, 7 ga Oktoba

Doguwar fitilar da kanta ta zo da namijin soket a wutsiyarta, launin toka, mai fil biyu. Irin wanda ake kira Deutsch DT ne, kamfanin TE Connectivity ne yake da shi tun 2012. Mai fil shi ne DT04-2P, abokinsa mai ramuka DT06-2S, kuma kowannensu yana da 'yar sakata da ake dannawa ta gaba ta kulle fil ɗin, koriya a ɗaya, ruwan lemo a ɗaya. An yi fil ɗinsa don amfiya 13. Akwai ƙaninsa DTM mai 7.5, akwai yayansa DTP mai 25. Fitilar an rubuta mata wat 120, wato amfiya 10 a kan bolt 12, amma da muka sa mita ba ta kai haka ba, tana wajen 8. Fitilun bodi da famfon feshi duk ƙasa da haka suke. DT ya ishe su ke nan, kuma tunda ɗaya ya riga ya zo da shi, gara a yi duka da iri ɗaya, in ya so duk wanda ya lalace a ɗauko na ajiya.

Sai farashi. Na zaga France Road da cikin kasuwar Sabon Gari, mafi yawansu in ka nuna musu sai su ce "irin na fitila ne, ba a sayar da shi shi kaɗai." Mutum ɗaya ne, mai sayar da kayan manyan injina, ya ce zai sa a kawo min orijina daga Legas, naira 9,500 kowane saiti, ban da kuɗin mota. Shida sun tashi 57,000. Makunnan huɗu da akwatin rile gaba ɗaya ba su kai haka ba. Ya kuma ce fil ɗin da zai zo irin dunƙulallen nan ne, wanda sai da filaya ta musamman mai haƙora huɗu ake matse shi, ita kuma kuɗinta ya fi na soket ɗin duka. Na yi godiya na fito.

An nuna min Superseal, baƙi mai roba ruwan ɗorawa, shi ma yana hana ruwa, an yi shi don amfiya 14. Ba laifi, sai dai sai na yanke na fitilar gaba, kuma kunnensa na kullewa siriri ne, ban ga zai jure cirewa da mayarwa a kai a kai da hannun leburori ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na samu ɗan Caina a wani shago, siffar DT sak, leda mai saiti goma, kowanne da guntuwar waya ja da baƙa an riga an matse. Naira 12,000 ledar, wato 1,200 kowanne. Yaron shagon ya ce har amfiya 30 yana ɗauka. Ban yarda da 30 ba tunda na asalin ma 13 ne, amma ni 8 nake nema. Na gwada shi da na fitilar, ya shiga ya yi ƙas. Na saya.

Lahadi, 12 ga Oktoba

An ɗaura na fitilar gaba, da na bodi biyu, da na famfon feshi. Fiyus 15 shuɗi a fitilar gaba, 10 ja a sauran. Komai ya kama. Waya mai kaurin 2.5 mm², tsawon mita 20, naira 15,000. Tiyon da ake zura waya a ciki, 4,000. Kuɗin aikin Baba 8,000.

Asabar, 18 ga Oktoba

An fara yankan shinkafa, don haka sai bayan isha'i na baro gona. A hanyar burji ta gefen kanal, kafin a hau titin Zariya, nakan kunna doguwar fitilar saboda ramuka da shanu. Ta yi kamar rabin awa tana ci, sai ta fara ƙyaftawa duk sanda aka faɗa rami, daga nan haskenta ya ragu, sai ta ɗauke. Ƙaurin roba ya shigo ta iska. Na kashe makunnin na tsaya.

Da na haska da waya, soket ɗin da ke bayan ragar gaban mota ya kumbura ta gefen jar waya, tokar ta koma ruwan ƙasa, ba ya taɓuwa don zafi. Rabin da ya zo da fitilar lafiyarsa lau in ban da baƙin da ya shafa. Rabin da na saya shi ne ya narke, robar bayansa ta manne da wayar. Fiyus ɗin kuwa ko gezau.

Yaron da ke tare da ni ya ce to mene ne amfanin fiyus ɗin. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce abin da ya sa ire-iren wannan suke ƙona mota. Fiyus yawan wutar da ke wucewa yake tsaro. A nan wutar ba ta ƙaru ba, amfiya 8 ɗin nan ce dai, har ma raguwa ta yi. Abin da ya faru, wurin da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe bai kama sosai ba, sai wutar ta riƙa matsawa ta ɗan ƙaramin wuri, wurin ya ɗau zafi. Zafin ya sassauta ƙarfen da ke riƙe fil, riƙon ya ƙara yin sako-sako, zafin ya ƙaru. Haka zai yi ta yi har roba ta narke, fiyus yana zaune bai san ana yi ba. Sai in jar waya ta taɓa bodi ne zai yanke.

Na zare fiyus ɗin dukkan makunnan huɗu na dawo da fitilun mota na asali. A titi dama ba na kunna doguwar, tana kashe wa na gaba ido.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na kai wa Baba wanda ya ƙone da sababbi biyu daga ledar, muka buɗe su a kan benci. Buɗe DT ba wuya: a ɓanɓaro sakatar da ƙaramar sukudireba, a ɗaga ɗan yatsan roba da ke riƙe fil a ciki, a jawo wayar ta baya.

Fil ɗin dai ba dunƙulalle ba ne, falle ne aka naɗe, kuma wannan kaɗai ba aibu ba ne, na asali ma akwai irinsa. Baba ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya kusanto da shi, sai fil ɗin ya yi tsalle ya manne. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan fari. Na asali daga dangin jan ƙarfe ake yinsa, maganaɗisu ba ya ɗaga shi haka. Muka zura fil a cikin macen, da yatsa biyu ya fito ba wani riƙo.

Sai wayar. A ido kauri gare ta, amma da aka fere, rabin kaurin roba ne. Silin ciki ja ne kamar na gaske. Baba ya kankare ɗaya da reza, sai ga fari ya fito a ƙasa. Ya kunna laita ya ɗora: silin ya lanƙwashe nan take, ya yi toka-toka, ya murmushe a yatsa. Na jan ƙarfe in ka yi masa haka ja yake yi, ya yi baƙi, ya tsaya a yadda yake. Wannan alminiyan ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Alminiyan kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe yake ɗauka yake iya ɗauka in kaurinsu ɗaya, ga shi yana karyewa in ana yawan lanƙwasa shi, ga shi in danshi ya shiga bakin matsi yana yin farin gari.

Don mu tabbatar, muka haɗa sabo ɗaya da fitilar a kan batir, muka sa mita daga wannan bakin soket zuwa wancan. Bolt 0.4 yake ɓata a ɗan wannan taƙin. A kan amfiya 8 ya haura wat 3 na zafi a cikin roba rufaffiya da ba ta kai babban yatsa ba, kuma wannan sabo ne da bai sha girgiza ba.

Abu ɗaya da na lura da shi: gidan robar kansa ba shi da laifi. Girmansa daidai, kunnen yana kullewa, robar hana ruwa mai laushi ce. Ƙarfen da ke ciki ne ɓarnar.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na koma shagon. Mai shagon ya ce, "Ranka ya daɗe, kaya in ya fita ba ya dawowa, mu ma haka aka kawo mana." Ban ja ba. Na ce dai ya daina cewa 30.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ƙofar Ruwa tun da safe, ɓangaren masu kayan Beljiyam da masu yanka mota. Niyyata ta farko in samo soket ɗin Toyota na asali daga tsohon wayarin. Kamfanonin Japan irin su Yazaki da Sumitomo ne suke yi musu, kuma suna da kyau ƙwarai. A jikin kowanne akwai lamba biyar, in ka sa 90980 a gabanta ka samu lambar da Toyota take sayar da shi da ita. Fil ɗin gyara mai guntuwar waya kuma lambarsa da 82998 take farawa. Da wannan za ka iya sa a nemo maka sabo.

Matsalar ita ce a wayarin mota rabi ɗaya kake samu. Ɗaya rabin yana jikin abin da aka jona, a narke da shi tun daga kamfani: jikin fanka, jikin sensa, jikin famfon mai. Masu haɗa waya da waya, mace da namiji duka, kaɗan ne, kuma yawancinsu na cikin mota ne marasa robar hana ruwa. Na tara wasu, kowanne da siffarsa, babu biyu da suke shiga juna. Wannan ba zai yi min ba.

Wani mai shago da ya ga wanda ya ƙone a hannuna ya ce, "Wannan ai na katafila ne, je ka wajen 'yan gwangwan." Gaskiyarsa. Manyan injinan aikin hanya, irin su Caterpillar, da wannan soket ɗin ake yi musu wayarin. Ya haɗa ni da yaronsa muka shiga ta baya, inda ake tara wayoyi kafin a ƙona su a fitar da jan ƙarfen a auna a kilo. In ka makara an cinna wuta, shi ke nan. Mun tarar da tuli ɗaya ba a taɓa ba, duk baƙin mai da ƙasa, a ciki akwai wayarin wani injin da aka yanka.

Masu fil biyu guda biyu kawai na samu, ɗaya ma kunnensa ya karye. Amma akwai manya: mai fil 12 guda biyu, mai 8 guda ɗaya, mace da namiji a haɗe. Ina juya su a hannu sai lissafin ya zo min. Duk dangin DT, daga mai fil 2 har mai 12, fil ɗinsu girma ɗaya ne, lamba 16. Mai 12 guda ɗaya zai ba ni maza 12 da mata 12, dunƙulallu, an matse su da injin kamfani a kan wayar jan ƙarfe ta gaske. Gidajen roba masu fil biyu kuwa ga su a leda a gida, na riga na biya kuɗinsu. Sai in zubar da ƙarfen Caina in zura na katafila.

Na ce a yanko min su da waya kamar taƙi ɗaya da rabi ta kowane gefe. Mai kayan ya ɗaga su a hannu yana auna nauyin jan ƙarfen da zai rasa, ya ce 6,000. Muka daidaita a 4,000. Na ba yaron da ya rako ni 1,000.

Talata, 28 ga Oktoba

Wanki da zaɓe. Na jiƙa su a kananzir, na goge da tsohon buroshin haƙori, na shanya. Cikin soket ɗin da aka bari a haɗe tas yake, fil ɗin suna ƙyalli, abin da ya nuna robar ta yi aikinta shekara da shekaru. Na ware waɗanda wayarsu ta yi siriri, na sigina ne, da waɗanda robar wayar ta bushe tana tsagewa in an lanƙwasa. Maganaɗisu bai ɗaga ko ɗaya ba. Masu kyau sun ishi saiti shida har da ragi.

Sun shiga gidajen Caina, yatsan ya kama, sakata ta zauna. Na ja kowace waya da ƙarfi, ba wadda ta fito. Abin lura shi ne kaurin wayar da robarta: ramin robar baya an yi shi don waya mai kauri tsakanin milimita 2.2 da 3.7, in ta fi haka siranta ruwa zai bi gefenta ya shiga.

Mun ɗan yi gardama da Baba kan yadda za a haɗa guntayen da doguwar waya. Shi dalma ya saba. Ni ba na son dalma a inda ake girgiza, domin tana bin sili ta sandare shi, wayar ta zo ta karye daidai inda dalmar ta ƙare. Kamfanonin mota ma matsewa suke yi. Na sayo bututun haɗi na jan ƙarfe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, mai gam a ciki, 3,500, da filayar matsi mai kama da kanta har sai ta kai ƙarshe, 13,000. Baba ya gwada ɗaya, ya taka wayar da ƙafa ya ja da hannu biyu, bai fita ba. Ya ce, "To, Alhaji, in an gama ka bar min filayar nan." Na ce aro dai.

Mita a kan sabon haɗin: bolt 0.03. Mun bar fitilar tana ci awa guda da injin a kunne, soket ɗin ɗumi kawai ya yi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Famfon iska. Da muka auna, yana farawa da wajen amfiya 14, in taya ta kusa cika ya haura 20. DT ba zai ɗauka ba ko na asali ne. DTP zai iya, amma ban ga ko ɗaya a tulin gwangwan ba, kuma fil ɗinsa lamba 12 ne, ba ya shiga gidajen da nake da su.

Masu kayan sola ne suka fitar da ni. Suna sayar da filogin Anderson mai amfiya 50, launin toka, wanda ake sa wa batir da inbata. Ba shi da mace ba shi da namiji, biyu iri ɗaya ne suke shiga juna, kuma ba ya yarda a juya shi a haɗa ja da baƙi. Na je da maganaɗisu a aljihu. Akwai ƙarfen sifirin a ciki wanda dole ya kama, don haka sai an zaro harshen an gwada shi shi kaɗai. Na shago na farko ya manne, na biyu bai manne ba, ga nauyi. Biyu 5,500. Ba ya hana ruwa, shi ya sa za a ɗaure shi a cikin bodi ƙarƙashin leɓe, bakinsa yana kallon ƙasa, da murfin roba.

Daga batir zuwa nan mita 6 ne, zuwa da dawowa 12. Da waya mai 2.5, a kan amfiya 20 za a rasa kusan bolt 1.7 a hanya, famfon ya riƙa nishi yana zafi. Mai 4 za ta rasa wajen 1, mai 6 kuma 0.7. Na ɗauki mai 6, bayan an kankare min bakinta a gabana. Mita 12, 21,000. Fiyus 30 kore, kusa da batir. Rile ɗin wannan layin mai 40 ne.

Laraba, 5 ga Nuwamba

An sauke ƙarfen fitilun bodi an loda shinkafa zuwa Kura, an mayar da yamma. Leburori ne suka zare suka mayar, ba abin da ya karye. An wanke motar da injin matsi, na buɗe soket biyu na duba, a bushe suke.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Hazo ya fara sauka. Na bi hanyar kanal da daddare da fitilar a kunne tun daga gona har bakin titi, na taɓa soket ɗin da na tsaya, ba zafi.

Lissafin soket kaɗai: ledar Caina 12,000, kayan gwangwan da ɗan rakiya 5,000, bututu da roba 3,500. Jimla 20,500, kuma saiti tara ne za su fita a ciki in na ƙarasa sauran, ba shida ba. In an sa filaya ya zama 33,500, har yanzu bai kai 57,000 ba. Da tun farko gidajen roba zalla na samu ba waya, da ya fi haka sauƙi, kuma na ga ana sayar da su haka a intanet. Sai dai rabin fitilar gaba da ya sha baƙi, shi ma na canza masa fil don hankalina ya kwanta.

Abin da ban gamsu da shi ba tukuna shi ne robar gidajen. Na asali an yi shi ya jure zafi har digiri 125. Na Cainan ba wanda ya gwada min, kuma guda ɗaya yana ƙarƙashin bonet kusa da lagireto, biyu suna bodi a rana. Zafin Afrilu ne zai nuna. Na sa mai kayan gwangwan ya ajiye min duk mai fil biyu da ya samu kafin a ƙona, 500 kowanne, in sun taru in fara canza na bonet.

Mako mai zuwa: a lulluɓe wayar famfon iska da tiyo a inda ta ratsa kusa da salansa, a ƙara zaren roba a kan shasi, a rubuta wa kowane soket lambar makunninsa don kada a jona famfon feshi a layin fitila. Akwai gurbi ɗaya da ya rage a dashbod, ina tunanin ƙaramin firji, amma wannan sai an yi maganar batir na biyu, kuma sai bayan an sayar da shinkafa.